Nauyin Hannun Leland

Rochester,
15 ga Janairu.

Zuwa ga aminiyata Wilma,

Bayan gaisuwa mai yawa da so da kewa, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar taki? Yaya jikoki, da wannan ƙaton karen naki mai cin takalma? Mu nan ƙanƙara ta rufe ko'ina, ke kuwa na san kina can Tucson kina shanya baya a rana, ko tausayinmu ba kya ji.

Na san za ki yi ta juya ambulan ɗin nan kina mamaki. Rabon da in rubuta miki wasiƙa tun muna makarantar kurame, lokacin da hutu kan raba mu. Sau uku na ga kiranki na bidiyo ban ɗauka ba, kada ki yi fushi. In na ɗauka, da me zan yi miki magana? Sati shida ke nan da yi mini aiki a kafaɗar dama, suka ɗinke jijiyar da ta yage. Jiya aka cire mini maratayin hannu. Na ɗauka da an cire shi zan ɗaga hannu in ce na dawo, sai hannun ya tsaya mini daidai ƙirji ya ƙi gaba. Hagun kuwa kin san shi, tun zazzaɓin da ya tafi da jina yatsunsa suke a naɗe. Rubutu dai ina iyawa, tunda gwiwar hannun tana kan tebur.

Ni ba ciwon ne ya dame ni ba, maigidana Leland ne. Ga shi kurma irinmu, ga shekara ashirin da tara ke nan da ƙarewar sauran ganinsa, kuma tun daga lokacin duk abin da ya ji a duniyar nan ta hannuna ya ji shi. Ya ɗora tafinsa a bayan hannuna, ina magana yana bin motsin. Labarai, wa'azin coci, gulmar kulob ɗinmu na kurame, ba abin da ya wuce shi. To, ranar da muka je ganin likita kafin aikin, sai ya sa tafinta ta tambaya ko nauyin hannun mutum na shekara da shekaru zai iya cinye jijiya. Likitan yana duban agogo ya ce, "Zai iya taimakawa wajen cinye ta." Iyakar abin da ya faɗa ke nan ya fita. Bai tambayi shekara ashirin da shida da na yi a kamfanin wanki ina ɗaga jiƙaƙƙun zannuwan otal sama da kaina ba. Daga ranar Leland bai sake ɗora hannunsa a kan nawa ba.

Yanzu sai dai in jawo tafinsa kan cinyata in jera masa baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya da yatsu. Shayi. Magani. An kawo wasiƙa. Kafin in haɗa jimla guda shayin ya huce. Shi yana da hannayensa, ni ina da idona, zai iya zuba mini surutu yadda ya saba, amma tunda ba ya samun amsar kirki sai ya rage. Yini yake a kujerar bakin taga, hannayen nan biyu a cuse a hammata kamar ya kama ɓarayi yana tsaronsu.

Ga babbar maganar. Colleen 'yarmu ta samo masa ɗaki a wani gidan kula da tsofaffi kusa da ita a Ohio, za a ba shi ranar ɗaya ga Mayu. Babu mai maganar hannu ko ɗaya a gidan, na sa an tambaya. Ban zargi yarinyar ba, shi da kansa ne ya ce ta nema, shi ne kuma ya sa hannu a takarda. Da na jera masa me ya sa, sai ya ce, "Bernie, na ci miki kafaɗa sau ɗaya. Ba zan zauna in jira ta warke in sake ci ba." Na ce masa wawa, amma zagin da aka jera da baƙaƙe a tafin hannu ba ya da zafi, har murmushi ya yi.

Wilma, tsoro nake ji. In ya shiga gidan nan, a tsakiyar mutane zai zauna kamar an rufe shi a rijiya. Jibi zan fara zuwa wurin gashin ƙashi, ki sa ni a addu'a. Ki gaida yaran duka.

Taki har kullum,
Bernadette

Rochester,
12 ga Fabrairu.

Wilma tawa,

Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da duk wanda ke kusa da ke. Takardarki ta iso, na gode da hotunan. Leland ya shafa su ya ce duka jikokinki sun yi kama da kwali, ki ji tsohon banza. Na dai ji daɗi da ya yi wasa, don ya kwana biyu bai yi ba.

Kin ce in ba ki labarin gashin ƙashin. Ni da na tafi ina zaton za a ba ni ƙarfe in yi ta ɗagawa ina kuka, sai na tarar da wata 'yar gajeruwar mata, Yesenia Robles, hannayenta ba su kai nawa girma ba. Ta auna ni da wani abu na roba kamar almakashi mai lambobi, ta ce hannun digiri saba'in yake ɗaguwa. Sannan ta juyo ta tambaye ni, ni fa, ba tafinta take kallo ba, "Misis Dombek, ina kike son hannun nan ya kai?" Na ce goshina. Ta ce me ya sa goshi. Na ce ai rabin maganarmu a nan take, uba, sani, tunani, mantuwa, duk sai hannu ya hau. Ta rubuta a takardarta. Yau wata biyu da wani abu ina yawon asibiti, ita ce ta fara tambayata amfanin hannun.

Ta ɗauko kafaɗar roba ta nuna mini. Wilma, shekarata sittin da takwas ina yawo da abin nan a jikina ban san yadda aka yi shi ba. Ashe kan ƙashin hannu dunƙule yake, yana zaune a wani ɗan faifai da bai kai shi girma ba. Ashe kuma hannu ba ya hawa sama sai kan ƙashin ya zame ƙasa a cikin faifan. Duk ranar da na ɗaga hannu na gaishe ki, wani abu yana sunkuyawa a ciki don wani ya miƙe, ba da sanina ba. Na zauna ina kallon robar nan ina cewa a raina, wanda ya tsara wannan ya iya aiki. Akwai kuma wata jaka da ta lulluɓe gaɓar. Ta ce zaman da hannun ya yi a rataye ya sa jakar ta ƙanƙance. Na ce na gane, rigar ulu ce aka wanke da ruwan zafi. Ta yi dariya ta ce daga yau da wannan za ta riƙa yi wa mutane bayani.

Aikin nata ba ɗaga hannu take yi da ƙarfi ba. Likita ya ba ta izini ta fara a hankali, tunda ɗinkin ya kama. Sai in kwanta rigingine, ta kama damtsena can sama kusa da gaɓar, ta ɗan ja shi waje kaɗan, sannan ta riƙa tura kan ƙashin ƙasa tana saki, tana turawa tana saki. Wani lokaci baya take tura shi. Motsin bai kai faɗin farce ba. In kin tsaya a ƙofa za ki rantse ba abin da take yi, riƙe ni kawai ta yi tana kallon bango. Amma ciki nake jin abu yana buɗewa, wani wuri da ban taɓa sanin ina da shi ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, tana tsayawa kafin in ji zafi. Sau uku na gwada ta, na haɗe fuska don kada ta gani a idona, duk da haka sai ta tsaya daidai wurin. Na ce wa tafinta ta tambaye ta wane ne yake gaya mata. Ta ce gaɓar ce. Wai in jaka ce ta hana, a hannunta tana jin ta kamar fata mai tauri da ke ba da kai kaɗan kaɗan. In ƙashi ne ya tokare, tsayawa ce ƙam. In kuma mai jikin ce ta tsorata, naman ne ke ƙwacewa. Ni da nake zaton mu kaɗai muka san sauraro da hannu, ga mai kunne biyu lafiyayyu ta rufe baki tana saurarona da yatsu. Ranar farko da na tashi daga gadon, babban yatsana ya taɓa haɓata, na yi alamar uwa. Washegari kafaɗar ta ƙwace rabin abin da ta bayar, amma ta ce haka abin yake, a yi ta komawa.

Sai dai akwai matsala, kuma ni ce matsalar. Sau goma a zama ɗaya take cewa, "Sakar mini hannun, Misis Dombek. Ni zan ɗauka, ba ke ba." Ina cewa na saki, tana cewa ban saki ba. Kin tuna malamarmu Mis Pruitt a aji uku, yadda take kama mana wuyan hannu ta danne a tebur don mu yi magana da baki? To da Yesenia ta kama damtsena sai jikina ya koma ajin nan. Kaina ya san taimakona take yi, naman ne bai yarda ba. Na yi mata bayani cewa wanda ya riƙe hannun kurma ya toshe masa baki ne. Ta ba ni haƙuri, muka shirya cewa in ina da magana in buga ƙafa a gado ta sake ni nan take. Ya ɗan taimaka, amma ba sosai ba.

A gida ina hawa bango da yatsu safe da yamma, ina jan igiyar da aka rataya mini a ƙofa. Leland kuwa ya fara shirya littattafansa na makafi a kwali. Duk wanda ya cika sai ya manne bakinsa, ni kuma ina kallo ba halin in yi masa ihu. Colleen tana aiko mana da miya a daskare duk sati.

Ki kula da gwiwar nan, kada ki ce sai ta kai ki ƙasa. Ina kewarki ƙwarai.

Aminiyarki,
Bernadette

Rochester,
22 ga Maris.

Zuwa ga Wilma,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan gwiwa ta yi sauƙi kuma allurar da aka yi miki ta karɓe ki. Ki yafe mini shirun da na yi, sati uku ba ni da abin faɗa sai baƙin ciki. Yau kuwa ki nemi wuri ki zauna, don takardar tana da tsawo, kuma har yanzu jikina bai gama dawowa daidai ba.

Na tsaya a digiri casa'in da biyar. Sati uku ma'aunin nan bai motsa ba. Hannun yana kaiwa hanci, ni kuma sai in sunkuyar da kai in tare shi a hanya, in ɗage kafaɗar har kunne. Yesenia ta kama ni ta ce, "Wannan satar hanya ce, ba na karɓa." Sannan ta ce in zo mata da maigidana. Wai ba za ta iya gyara kafaɗa don wani aiki ba alhali ba ta taɓa ganin aikin ba. Na jera wa Leland, ya ce shi ba ya zuwa inda za a nuna shi a ce ga mai laifin. Sai da na ce ranar Juma'a ce, daga can za mu wuce cin soyayyen kifi a zauren coci, sannan ya tambayi inda hularsa take.

Da muka shiga, tafintar ta zauna kusa da shi tana sa masa magana a hannu. Ita bai ƙi ɗora mata hannu ba, wai yarinya ce, kafaɗarta sabuwa. Yesenia ta tsaya tana kallonsu kamar minti biyu. Sannan ta ce ya ɗora hannunsa a kan nata. Ta riƙa yawo da hannun sama da ƙasa, hagu da dama, tana saurin juyawa don ta kuɓuce masa, yana biye da ita kamar an manne su. Can sai ta tsaya cak. Na ga fuskarta ta canza. Ta ce, "Mista Dombek, yaya kake yin wannan? Ban ji nauyinka ba ko kaɗan, kuma ban iya guje maka ba. Shekara goma sha ɗaya ina roƙon mutane su saki hannu, ban taɓa ganin wanda ya saki haka ba."

Ya ce, "'Yata, in na danne ta ai ba zan ji abin da take cewa ba. Matar nan da sauri take magana, ga yawan ƙari a labari."

Ta gaya masa gaskiya, ba ta yi masa daɗin baki ba. Ta ce ba za ta rantse hannunsa ba shi da kaso ko kaɗan ba, amma in za a raba laifi, jiƙaƙƙun zannuwa da shekaru su za su kwashi kusan duka. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kusan." Na ji kamar in jefe shi da takalmi.

Sai ta kwantar da ni, ta jawo kujerarsa kusa, ta ɗauki yatsunsa ta ɗora a kan gaɓar, nata a kan nasa, ta fara turawa tana saki. Ina kallon fuskarsa. Kin san yadda yake yi in yana karanta abu mai wuya, ya ɗan buɗe baki. Bai fi minti ɗaya ba ya janye ya ce, "Akwai abu mai zagaye a ciki yana so ya sauka, ana tare shi. Ba daga ciki ake tare shi ba, daga nan ne." Ya danna wani nama a saman kafaɗata. Yesenia ta dubi tafinta ta ce a maimaita mata. Da aka maimaita sai ta dafe ƙirji ta ce ɗalibanta sukan yi wata shida kafin su ji wannan. Shi kuwa ya ci gaba, "Ba kafaɗar ce ta ƙi ba, mai kafaɗar ce. Ta ƙanƙame kamar za a ƙwace mata jaka a tasha. Haka take tun tana budurwa."

Na buga ƙafa a gado don in rama, Yesenia ta sake ni, amma kafin in ɗaga yatsa ya riga ni. Ya ce, "Bernie, ke ba ki taɓa sauraro ba, kallo kawai kike yi. Kawo hannunki ki ɗora a kan nawa. Ki rufe ido."

Wilma, ke kin san abin da ya roƙa. Ni ban taɓa rufe ido a gaban baƙo ba tun da nake, ko a wurin likitan haƙori. In na rufe ido duniya ta tafi. Sai a lokacin na lura, shekara arba'in da huɗu da aurenmu, ban taɓa ɗora hannuna a kan nasa don in ji shi ba. Ina da ido, me zai kai ni? Kullum ni ce a ƙasa ina ɗauke da shi. Yesenia ta ce ya yi maganar ƙanana ƙanana, kada ya ɗaga ni, ita za ta riƙe sama. Na ɗora, na rufe.

Da farko ba komai sai duhu da bugun zuciyata. Hannunsa yana motsi a ƙarƙashin nawa, ni ina ƙoƙarin kama shi, ina matse yatsunsa don in gane siffar. Duk matsewar da na yi sai maganar ta ɓace. Ya tsaya, ya ɗan girgiza hannuna kamar mai kaɗe ruwa, ya sake farawa. Na sassauta don dole, don ina son in ji. Sai ga kalma ta fito daga cikin duhun nan, ita kaɗai, a fili: miya. Na ƙara sassautawa, wata ta biyo: gishiri. Wallahi ni da nake jiran maganar soyayya, ashe mutumin nan ƙarar miyar Colleen yake kai mini, wai wata uku yana shan ruwan zafi da karas, ya rasa wanda zai gaya wa.

Dariya ta kama ni, hawaye na bin kunnuwana. A cikin dariyar na ji wani abu ya zame a can cikin kafaɗata, a hankali, ba zafi, kamar aljihun tebur da ya daɗe a cije ya samu hanya. Ban buɗe ido ba. Na bar shi yana ta zuba, ina bin sa. Yatsunsa suna da ɗumi, suna da wata 'yar rawa in zai yi tsokana, ina jin tsokanar tana zuwa tun kafin ta iso. Ashe haka yake jina. Ashe ya san fushina da gajiyata da ƙaryata tun daga wuyan hannu. Shekara ashirin da tara yana zaune a wurin nan da na kasa minti biyar a cikinsa ba tare da tsoro ba, kuma a ciki yake yin wasa, yake tambayar lafiyar mutane. Ina tausayinsa tun da daɗewa, amma ranar nan girmansa na gani, har na ji kunyar tausayin.

Da na buɗe ido Yesenia ta auna. Ɗari da goma sha biyu. Ta sake aunawa don ba ta yarda ba. Tafintar tana share ido da bayan hannu. Na ɗaga hannu, kaina a miƙe, yatsana ya taɓa girata.

Mun ci kifin, har ya ƙara da nawa. Amma kada ki yi murna da yawa. A mota na kama hannunsa zan ɗora a kan nawa, ya janye ya mayar hammata. Kwalayen suna nan a jere a zaure, guda tara.

Ki ci gaba da addu'a. Ina gaida kowa da kowa.

Taki,
Bernadette

Rochester,
3 ga Mayu.

Wilma, 'yar'uwata,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan kina lafiya, jikoki suna lafiya, zafin garinku bai fara gasa ku ba. Na ga saƙonninki guda huɗu kina tambayar yadda aka ƙare. Na ƙi amsawa a waya ne don wannan ba labarin gajeren saƙo ba ne.

Tun daga ranar nan Leland bai fasa zuwa gashin ƙashi ba, sau biyu a sati. Shi ne a gefen gado, hannuna a kan nasa, idona a rufe, Yesenia tana aikinta a sama. Har ta roƙe shi ya nuna wa abokan aikinta biyu yadda ake sakin hannu, ya yi ta hura hanci kwana uku. Na kai digiri ɗari da arba'in. Ina taɓa goshi, ina taɓa tsakiyar kai, ina ɗaga gwangwanin wake sau goma. Ta koya mana mu zauna gefe da gefe, matashi a ƙarƙashin gwiwar hannuna, in rage girman maganata. Ta ce masa a fili kafaɗar ta isa ɗaukar hannunsa, minti goma goma da farko. Ya ce ya ji, ya gode. Bai ɗora ba.

Ranar Laraba da safe Colleen ta iso da babbar mota. Ta sha kofi a tsaye, ta fara fitar da kwalaye. Shi yana zaune a teburin kicin da rigarsa ta fita, sandarsa a jingine. Na bar ta ta kai huɗu mota. A na biyar na tare ta a ƙofar kicin na ce ta ajiye. Ta ajiye ta ce, "Mama, don Allah kada ki sa abin ya fi haka wuya. Shi ya zaɓa." Na ce shi ya zaɓa don wani mai duban agogo ya jefa masa magana. Ta ce, "Ni ma ba so nake ba. Amma in kafaɗar ta sake yagewa fa? Ku biyu zan ɗauka?" Tana kuka, ina kuka, hannaye suna tashi. Ban san na manta da ciwo ba, ban san ina buga tebur da hagu ba, kofuna suna tsalle.

Shi kuwa tebur yana girgiza a ƙarƙashin hannunsa, iskar hannayenmu tana kaɗa masa fuska. Ya san ana faɗa, ya san a kansa ne, kuma kin san Leland da son jin gulma. Ina tsakiyar cewa ubanki ba kaya ba ne, sai na ji tafi mai ɗumi ya sauka a bayan hannuna. Bai yi shawara ba, hannun ne ya tafi da kansa inda ya saba. Ban tsaya ba. Na ƙarasa jimlar da shi a kaina, na kai hannu goshi na ce uba, ya bi ni har can.

A nan ya farga. Na ji yatsunsa sun daskare za su gudu. Na juya na fuskance shi, na yi maganar a ƙarƙashin tafinsa, da cikakkun kalmomi, karo na farko cikin wata biyar. Na ce, "Cire ka gani. An yanka ni, an ɗinke ni, na rufe ido a gaban mutane, duk don in yi magana da wa? Da bango? In ka tafi, me zan yi da kafaɗar?"

Bai cire ba. Sannan da ɗaya hannun ya ce, "Da zafi?"

Na ce, "Da zafi. Bar shi a nan."

Ya bar shi. Ina jin sa yana bin wuyan hannuna, yana auna ko ƙarya nake. Colleen ta toshe baki da hannu tana kallonmu. Can sai na ji 'yar rawar nan a yatsunsa. Ya ce, "Maganarki ta lalace, Bernie. Kin koma kamar 'yar aji ɗaya, kina cinye ƙarshen kalma. Wannan gyaran zai ci shekara, ba zan iya barinki haka ki ba ni kunya a kulob ba." Ya juya wajen da yake zaton Colleen take, ya ce, "Ke kuma da kika fitar mini da littattafai, a yadda kika same su za ki mayar."

Ta mayar, tana dariya tana jan hanci. Da rana ta kira gidan ta ce a ba wani ɗakin.

Minti goma Yesenia ta ce, mun yi arba'in, kafaɗar ta kumbura, na kwana biyu ina ɗora mata ƙanƙara. Jiya Yesenia ta yi mana faɗa sosai, mu biyu muka sunkuyar da kai kamar yara. Har yanzu hannun ba ya kaiwa bayana, ta ce watakila sai kaka, watakila ba zai kai duka ba. Ban damu ba. Yanzu haka da nake rubutun nan yana zaune kusa da ni, ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannuna yana bin alƙalami, wai yana so ya tabbata ban yi masa ƙari a labarin ba.

Ki kira ni ranar Lahadi bayan coci, zan ɗauka. Leland yana gaishe ki, Colleen ma ta bar miki gaisuwa. Allah ya bar mu tare.

Taki har kullum,
Bernadette